Kemo, Gashi da Tiyata: Kundin Aikin Ɗan Littafin Masu Dajin Huhu

12 Nuwamba 2024

Yau na buɗe wannan kundi, saboda abin da ya faru a kilinik makon jiya ya hana ni sakat. Wani dattijo ne, tsohon direban babbar mota, ɗansa ya kawo shi. Hoton CT ya nuna ƙari a huhun dama, ga kaluluwar tsakiyar ƙirji ta kumbura, gwajin tsoka kuma ya tabbatar ciwon daji ne. Na yi musu bayani cewa za a haɗa masa kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) da gashi (gasa ƙarin da hasken na'ura), a kuma duba yiwuwar tiyata. Ina fita ɗan ya biyo ni baranda ya ce, "Likita, tsakani da Allah ka faɗa min. In muka sayar da gona aka yi masa duka ukun nan, Baba zai tashi?" Na ce rai a hannun Allah yake, za mu yi iya ƙoƙarinmu. Gaskiya na faɗa, amma ban ba shi abin da ya zo nema ba. Wanda zai sayar da gonar gado yana da haƙƙin sanin abin da aka gani a jikin waɗanda aka yi wa wannan magani kafin mahaifinsa. An gani kuwa, an ƙirga, an rubuta, sai dai da Turanci.

Niyyata ɗan littafi ne da bai wuce shafi goma sha biyu ba, da Hausar da za a iya karanta wa tsoho a gefen gado, sannan a naɗi muryarsa don turawa ta WhatsApp, tunda yawancin masu jinyarmu sauraro ya fi musu sauƙi. Babban likitanmu ya amince, da sharaɗin ba zan sa adadi ko ɗaya ba sai na nuna masa inda na samo shi.

20 Nuwamba

Mako guda kan kalmomi kaɗai. "Mataki na uku", wato matakin da ciwon dattijon yake, ba ya gaya wa mai jinya komai. Na rubuta shi haka: dajin bai bar ƙirji ba tukuna, amma ya kai kaluluwar da ke tsakanin huhu biyu, ko ya manne wa abin da ke kusa da shi. In ya tafi ƙashi, hanta, ƙwaƙwalwa ko ɗaya huhun, ko aka sami ƙwayoyinsa a ruwan da ya taru a jakar huhu, wannan mataki na huɗu ne, kuma galibi maganar tiyata ta wuce. Na kuma taƙaita littafin ga nau'in da ba mai ƙananan ƙwayoyi ba, wanda shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na dajin huhu. Mai ƙananan ƙwayoyin hanyarsa daban, da wuya a kai shi ga wuƙa.

Kalmar "gashi" ta so ta ba ni wuya. Wata baiwar Allah ta taɓa tambayata ko irin lalas za a yi wa mijinta, da ƙarfe mai zafi. Na yi tunanin canza ta, Sista babbar ɗakinmu ta hana. Ta ce, "Likita, a baranda gashi suke cewa. Ka bar musu kalmarsu, ka gaya musu sau ɗaya cewa haske ne da ba a gani, ba a jin zafinsa lokacin da ake yi, shi ke nan." Na bi shawararta.

Ita ce kuma ta tuna min da maganar nan da ke yawo a gari, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta mayar da mutane da yawa gida tun kafin a ɗebi tsoka. Na ware mata rabin shafi, ba da faɗa ba. Abin da mutane suka gani gaskiya ne: an yi wa wani aiki, bai jima ba ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon ya riga ya yi nisa kafin ya zo.

3 Disamba

Kwana huɗu ina kan bincike ɗaya, kuma ina jin shi ne ƙashin bayan littafin. Ana kiransa INT 0139, an yi shi a Amurka da Kanada ƙarƙashin Dakta Kathy Albain, mujallar Lancet ta buga sakamakonsa a 2009. Marasa lafiya 396 ne, dukansu dajin ya kai kaluluwar tsakiyar ƙirji ta ɓangaren da ƙarin yake. An fara ba kowa magungunan kemo biyu, cisplatin da etoposide, tare da gashi har Gy 45 (Gy shi ne ma'aunin gashi). Tun kafin a fara ƙuri'a ta raba su: 202 aka nufa da tiyata, 194 aka ci gaba da gasa su har Gy 61 ba tare da yanka ba. Wato ainihin tambayar ɗan dattijon nan, a haɗa uku ko a tsaya a biyu.

Ga abin da ya fito. In aka jera kowane rukuni sahu guda, daga wanda ya riga rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, mutumin tsakiya a sahun tiyata ya yi wata 23.6, na ɗaya sahun wata 22.2. A lissafin masu bincike wannan ba bambanci ba ne. Bayan shekara biyar, kashi 27 cikin 100 na rukunin tiyata suna raye, kashi 20 na rukunin gashi, shi ma ratar ba ta kai a rantse a kanta ba. Inda tiyata ta nuna amfani a fili shi ne jinkirta dawowar ciwon: wata 12.8 a kan 10.5.

To ina amfanin ya zurare? A ɗakin tiyata da kwanakin da ke binsa. Mutum 16 maganin ne da kansa ya kashe a rukunin tiyata, mutum 4 a ɗaya rukunin. Cikin 16 ɗin nan, 14 waɗanda aka cire wa huhu guda sukutum ne. Mutum 54 aka yi wa wannan aiki, 14 ba su tsallake ba, sama da ɗaya cikin huɗu. Waɗanda aka cire wa sashe ɗaya kawai na huhun su 98 ne, ɗaya ya rasu. Da aka kwatanta masu cire sashe da makamantansu na rukunin gashi, mutumin tsakiya ya yi wata 33.6 a kan 21.7. Masu cire huhu duka kuwa abin juyawa ya yi: wata 18.9 a kan 29.4.

Dole in riƙe alƙalamina a nan. Wannan kwatancen na ƙarshe daga baya aka yi shi, ba da ƙuri'a ba, don haka bai kai na farkon ƙarfi ba. Wanda ƙarinsa ya yi ƙanƙantar da cire sashe zai wadatar, wataƙila dama shi ne mai sauƙin ciwo. Amma mutuwar 14 cikin 54 ba ta buƙatar dogon lissafi. A daren jiya na rubuta jimlar da nake so ta zauna a shafin farko: haɗa magani uku ba ya nufin ya fi biyu ga kowa, ya danganta da wa za a yi wa, da kuma yawan huhun da za a ɗauke masa.

5 Disamba

Na gwada zana huhu: dama sashe uku, hagu biyu. Wata ɗalibar jinya ta karɓa ta zana mai kyau. Shi za mu saka.

19 Disamba

Zaman da muke yi da likitan tiyatar ƙirji, likitan gashi da mai duba hotuna. Na kai musu daftarin, aka kuma tattauna maganar dattijon direba a zama ɗaya.

Likitan tiyatar ya daɗe yana kallon hoton. Ƙarin yana kusa da inda babban bututun iska ya rabu, ya kuma tsallaka tsagin da ke tsakanin sassan. Na ce, "Yallaɓai, ba za a iya irin aikin hannun rigar nan ba?" Ina nufin wanda ake yanke guntun bututun da ya kamu a sake ɗinke bakin biyu, kamar tela ya rage hannun riga, a tsirar da sauran huhun. Ya ce a wannan ba zai yiwu ba, sai dai a cire huhun dama gaba ɗaya, kuma na dama ya fi na hagu haɗari, shi ne babba, bakin bututun da aka ɗinke kuma ya fi saurin ɓallewa bayan gashi. Gwajin numfashin dattijon ma bai yi kyau ba, shekara da shekaru yana shan taba a hanya. Aka yanke: kemo da gashi cikakke, babu tiyata. Abu mai muhimmanci da na ɗauko don littafin shi ne a yanke wannan shawara tun farko. Kada a gasa mutum rabi da niyyar yanka, a tsaya makonni, sannan a ce ba zai yanku ba. Wannan tsaikon yana cin amfanin gashin.

Na fito na gaya wa ɗan. Fuskarsa ta canza, ya ɗauka an cire rai da Baba ne. Na zaunar da shi na karanta masa shafin INT 0139 da Hausa, karon farko da wani ya ji shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe rashin yankan ma magani ne." Na nemi izininsa in sa wannan magana a littafin.

Likitocin sun ƙara min bincike biyu na Turai. Na ƙungiyar EORTC mai lamba 08941, na 2007, ya raba mutum 332 bayan kemo, wasu tiyata wasu gashi: mutumin tsakiya ya yi wata 16.4 da 17.5, duk kanwar ja ce. Na Jamus, ESPATUE, na 2015, mutum 161: bayan shekara biyar kashi 44 na masu tiyata suna raye, kashi 40 na masu gashi, nan ma ba a ga bambanci na a zo a gani ba. Adadin Jamus ya fi na sauran kyau, amma an tace mutanen sosai kafin a raba su. Layi biyu zan ba su.

Inda duka suka haɗu kan cewa ukun ne hanya shi ne ƙarin can ƙololuwar huhu, wanda Henry Pancoast, likitan hoto na Filadelfiya, ya bayyana a 1924 da 1932. Galibi ba da tari yake zuwa ba. Ciwon kafaɗa ne mai sauka ta cikin hannu har ƙaramin yatsa, wani lokaci fatar ido ɗaya ta sauko, gefen fuskar ya daina gumi. A nan sanyin ƙashi ake ce masa, a yi ta shafe-shafe da gashin ƙashi wata da watanni. A binciken SWOG 9416, mutum 110 aka yi wa kemo da gashi sannan tiyata, kashi 44 suka kai shekara biyar, waɗanda aka cire wa ƙarin tas kuma kashi 54. Wannan ya sami shafinsa.

14 Janairu 2025

Dattijon ya fara gashi makon jiya a asibitin da muka tura shi. Gy 60, zama talatin, Litinin zuwa Juma'a, mako shida, kemo na tafiya tare.

Shafin yau kan dalilin haɗa su lokaci guda ne. A 2010 an tattara bincike shida, mutum 1,205, aka ga masu kaiwa shekara biyar sun tashi daga kashi 10.6 zuwa 15.1 in an yi su tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Farashinsa a maƙoshi ake biya: mummunan kumburin hanyar abinci ya tashi daga kashi 4 zuwa 18. Wajen mako na uku haɗiya takan zama aiki. Na rubuta abin da Sista ke gaya wa masu jinya kullum: kunun gyaɗa mai ɗumi ba mai zafi ba, fura da nono a dama da ruwa-ruwa, faten dankali, ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ajiye yaji da tsami. A riƙa hawa sikeli duk mako. Zazzaɓi ya kai 38 a lokacin kemo, asibiti a daren, kada a tsaya shan maganin maleriya a kemis, domin fararen ƙwayoyin jini na iya zama sun faɗi.

Akwai kuma masu roƙon a ƙara wa majinyacinsu gashi, a ganinsu yawa shi ne ƙarfi. An gwada. A binciken RTOG 0617 an kwatanta Gy 60 da Gy 74, masu 74 suka riga mutuwa: wata 20.3 a kan 28.7.

27 Janairu

Na'urar gashin ta tsaya. Ɗan ya kira ni daga ɗakin da suka kama haya, kwana biyar ke nan suna zuwa ana ce musu gobe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk adadin da na cika littafin da su daga wuraren da zama talatin ke nufin mako shida cif aka samo su. Dajin huhu ba ya jira a gyara na'ura, a ranakun da aka tsallake ƙwayoyinsa ƙaruwa suke. In na ba mutane kashi 20 ko 27 ban gaya musu wannan ba, na yaudare su. Na ƙara sakin layi: waɗannan adadi na ƙasashen waje ne, na waɗanda aka yi wa hoto cikakke, aka gama musu magani ba tsaiko, kafin ku fara, ku tambayi likita me za a yi in na'ura ta tsaya, kuma ku tanadi kuɗin zaman da ya wuce mako shida.

2 Fabrairu

An ci gaba da gashin bayan kwana tara, likitan gashin ya sake lissafin zaman da suka rage.

Na rubuta shafin tarin fuka, wanda da farko ba ya cikin tsarin. Nijeriya na cikin ƙasashen da tibi ya fi yawa a duniya, don haka duk mai tari, rama da jini a majina, tibi ake fara zato, kuma sau da yawa daidai ne. Matsalar ita ce wanda gwajin majina na GeneXpert bai nuna masa komai ba, aka ɗora shi kan maganin wata shida bisa hoton ƙirji, wata biyu suka wuce yana ƙara ramewa, aka ce ya ƙara haƙuri. Dattijon nan sai da ya sha wata huɗu. Na rubuta a sarari: in an kai wata biyu babu sauƙi, musamman ga babba ko mai shan taba, a nemi CT. Na kuma sa cewa wanda bai taɓa kunna sigari ba ma yana iya kamuwa, saboda matan da ke cewa "ni da ban san taba ba" su daina jin an yi musu ƙazafi.

18 Fabrairu

Mun yi saɓani da babban likitanmu, cikin ladabi, kan ko a sa maganin zaburar da garkuwar jiki.

Binciken PACIFIC na 2017 ya ɗauki mutum 713 da suka gama kemo da gashi ba tare da tiyata ba. Wasu aka riƙa ba su durvalumab, allurar zaburar da garkuwar jiki, duk mako biyu har shekara guda, ana farawa cikin kwana 42 da gama gashi. Lokacin da ciwon ke ɗauka kafin ya motsa ya tashi daga wata 5.6 zuwa 16.8, masu kaiwa shekara biyar kuma daga kashi 33.4 zuwa 42.9. A ɓangaren masu tiyata, CheckMate 816 na 2022 ya haɗa nivolumab, wani irin maganin garkuwar, da kemo zagaye uku kafin aiki, babu gashi, aka tarar ƙarin ya mutu murus a kashi 24, alhali da kemo kaɗai kashi 2.2 ne. Ma'ana, a inda ake da hali, tsohuwar muhawarar uku ko biyu ta riga ta sauya kama.

Babban likitan ya ce, "Ka sa wannan, ka ɗora wa talaka baƙin cikin abin da ba zai iya saya ba. Wani zai sayar da gida ya yi allura uku kuɗin ya ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu faɗa ba, a waya za su gani, ko wani ya sayar musu da ruwa a kwalba da wannan suna." Yana da gaskiya, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara. Mun tsaya a kan a sa shi gajere, a faɗi cewa na shekara ne ba na allura ɗaya ba, a kuma faɗi cewa a binciken PACIFIC ɗaya cikin uku na waɗanda ba su samu ba sun kai shekara biyar. Har yanzu ban gamsu da yadda na tsara sakin layin ba.

10 Maris

Azumi ya kai kwana goma. Na ƙara 'yan layuka a kansa, domin cisplatin na taɓa ƙoda in jiki ba ruwa, kuma wanda maƙoshinsa ya kumbura ba zai rama abincin yini tsakanin magariba da asuba ba. Na kai wa limamin masallacin asibiti ya duba, ya ce a ambaci rangwamen da aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya, a bar sauran ga malamin kowa.

Mun karanta daftarin ga masu jinya bakwai a baranda bayan la'asar. "Kashi cikin ɗari" bai shiga ba, "mutumin tsakiyar sahu" ya shiga nan take. Wata Hajiya ta ce, "Ɗana, ka ce mana cikin mutum goma nawa ne." Na mayar da duka haka, ainihin adadin na sa shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Wani da ya zo daga Maraɗi ya tambayi inda ake gashi kusa da su, na ƙara cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, wadda ta fara gashi a 2021, a kan Shika, Sakkwato da Abuja da na riga na rubuta.

Mutum biyu sun ce a cire shafin adadi gaba ɗaya, mara lafiya bai kamata ya ji ba. Ban cire ba. Na mayar da shi tsakiya, na rubuta a samansa cewa wanda ba ya so ya tsallake.

8 Afrilu

Dattijon ya zo yau da ƙafarsa, mako shida da gama gashi. Sabon CT ya nuna ƙarin ya ja baya sosai, kaluluwar ma ta sace. Ya fara cin tuwo. Durvalumab bai samu ba, gonar kuma rabi aka sayar. Abin da ya dame ni busasshen tari ne da ya taso masa kwana goma da suka wuce, da haki in ya je alwala. Kumburin huhu na bayan gashi yakan zo tsakanin wata ɗaya zuwa shida, kuma in ya faɗa hannun wanda bai san tarihinsa ba, maganin tibi za a sake ɗora masa. Mun ɗauki majina, mun auna iskar jininsa, zai dawo ranar Juma'a mu yanke ko za a fara masa prednisolone, maganin rage kumburi. Sai a lokacin na lura littafin bai ce komai kan wannan ba. Na rubuta shi a daren nan, ya zama shafi na goma sha uku.

Ɗan ya ce shi zai karanta muryar, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Mun sa ranar Asabar, a ofishin Sista, in janareta bai yi ƙara ba. Saura sakin layin durvalumab, sa hannun likitan tiyata a shafin Pancoast, da kuɗin bugun kwafi ɗari biyu na farko.